Babbar Riga a Tsakiyar Teku

Kawuna ne mutum na fari da ya ba ni labarin cin abinci a cikin jirgin ruwa. Malamin makaranta ne, aka aika da shi kwas a Landan tun kafin mulkin kai. A zamanin nan mutum yakan shiga jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ikko, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa na kamfanin Elder Dempster a Apapa. Shi a cikin Aureol ya tafi, jirgin da ya fara aiki a 1951, ya yi ta kai da kawowa tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma har 1974. Tafiyar takan ci wajen mako biyu, ana tsayawa a Takoradi, da Firitawun, da Las Palmas, kafin a kai Libaful. Amma in kawu ya zauna ba da labari, ba ya cika maganar raƙuman ruwa ko manyan kifaye. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kwat ɗaya tak da yake da ita, wadda yakan kakkaɓe kowace yamma ya sa domin shiga ɗakin cin abinci. Ya ce a kwana na uku miya ta ɗiga a gabanta, daren nan bai runtsa ba, yana ta gogawa da jiƙaƙƙen adiko. Mu yara sai mu yi ta dariya, muna cewa wane irin abinci ne wannan da sai an yi masa ado?

Ban taɓa zaton tambayar nan za ta komo kaina da furfurata ba. A daminar 2023 ni da mai ɗakina muka cika shekara 40 da aure. 'Yarmu tana aikin jinya a Sautamton ta Ingila, ɗanmu kuwa yana Amurka, an kuma yi masa haihuwa ba mu ga jikan ba tukuna. Sai suka haɗa kai suka haɗa kuɗi, ba da saninmu ba, suka ce in mun gama kwanakinmu a Ingila ba za mu ƙetare zuwa Amurka ta sama ba, ta ruwa za mu bi, a cikin jirgin da ake kira Queen Mary 2. Kwana bakwai ne daga Sautamton zuwa Niyok, ba tsayawa ko'ina.

Murna ba ta gama shiga jikina ba sai 'yar ta ɗauko wayarta ta ce, "Baba, akwai wata 'yar magana. Jirgin nan yana da dokar tufafi."

Ga abin da ta karanta mana. Da rana kowa ya sa abin da ya ga dama, in dai ba kayan iyo zai shiga ɗakin abinci da su ba. Amma daga ƙarfe 6 na yamma al'amari ya sake. Yammacin jirgin iri biyu ne. Akwai na kullum, wanda ake so namiji ya sa taguwa mai kwala da dogon wando, mace kuma ta yi shiga ta mutunci. Ba gajeren wando, ba singileti, ba yagaggen kaya irin wanda samarin yanzu ke saya da tsada. Akwai kuma daren biki, sau biyu a cikin kwana bakwai ɗin. A wannan dare namiji zai sa baƙar kwat ta cin abincin dare, ko kuwa kwat da wando masu duhu tare da naktaye, mace kuwa doguwar rigar biki ko abin da ya yi daidai da ita. Wanda ba ya so ya yi haka ba za a bar shi da yunwa ba, akwai ɗakunan da aka ware inda zai ci da shigarsa ta yau da kullum. Sai dai babban ɗakin abinci da zauren rawa ba nasa ba ne a daren nan.

Na ce, "To, ai da sauƙi. Na zo da babbar rigata."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Baba, ba na so a tsayar da ku a bakin ƙofa mutane suna kallo."

Ban yi fushi da ita ba, gama na san abin da take gudu. Ta yi shekaru a ƙasar mutane, ta san yadda ido yake yi wa baƙo. Washegari muka shiga wani kanti muka duba kuɗin kwat. Da na juya fam zuwa naira a zuciyata, sai na ga ya fi fanshona na wata da wata, domin abin da zan sa sau biyu kawai. Na ja hannun mai ɗakina muka fita. Daga baya surukina ya ɗauko tasa ya ce in gwada. Yaron dogo ne, ni kuwa ba haka ba. Hannun kwat ɗin ya rufe mini yatsu, maɓallin ciki kuwa ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Mai ɗakina ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Maigida, zanen aro dai ba ya rufe katara." Duk da haka 'yar ta naɗe kwat ɗin ta cusa a ƙasan akwati, wai ko da za a bukata.

Kafin in ci gaba, bari in gaya wa mai karatu inda wannan al'ada ta samo asali, gama ni ma sai da na bincika na gane ba a jirgi aka haife ta ba. A manyan gidajen Ingila na ƙarni na 19, attajirai da masu sarauta sukan wuni a waje, ko bisa doki, ko wajen farauta, ko cikin hayaƙin birni. In yamma ta yi sai su yi wanka su sake tufafi kafin su zauna a tebur. Da fari doguwar kwat mai jela ake sawa. A 1865 Yariman Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 7, ya sa wani tela na Landan mai suna Henry Poole ya ɗinka masa gajeriya domin cin abinci a gida, abin ya bazu. Da ta ƙetare zuwa Amurka sai ta sami suna taksido, daga wata unguwar masu kuɗi kusa da Niyok inda aka yi yayinta wajen 1886. Abin dariya a nan shi ne, rigar da yanzu ake gani ita ce ƙarshen ƙa'ida, da can ita ce ta shan iska.

Tsofaffinmu sun ga reshen wannan al'ada da idonsu. Sukan ba da labarin Di'o a barikin ƙauye, shi kaɗai, ba baƙo ba mata, amma da magariba sai ya sake kaya ya zauna gaban fitila, kuku ya kawo masa abinci kashi kashi.

Da manyan jiragen ruwa suka fara ɗaukar masu hali tsakanin Turai da Amurka, sai suka shiga da al'adarsu. Kamfanin Cunard, mai wannan jirgi namu, ya fara aiki a 1840, sa'ad da jirginsa Britannia ya tashi daga Libaful zuwa Halifas da Boston. A zamanin su Titanic, wanda ya tashi daga Sautamton ɗin nan a 1912 bai kai ba, har ƙaho ake busawa a sanar da fasinjojin aji na ɗaya lokacin sake tufafi ya yi. Talakawan da ke can ƙasa a aji na uku, masu ƙaura neman abinci, ba wanda ya tambaye su kwat. Da rigar da ke wuyansu suke ci. Daga 1958, da jiragen sama masu gudun gaske suka fara ƙetare Tekun Atlantika cikin sa'o'i, sai fasinja suka guje wa ruwa. Kamfanonin da suka rage suka koma ɗaukar masu yawon hutu. Yawancinsu sun sassauta dokar tufafi ƙwarai. Kamfanin Norwegian ma tun shekarar 2000 ya bar wa fasinja zaɓin lokacin cin abinci da abin sawa. Cunard kuwa ya riƙe tsohuwar hanya, har ita ce abin da yake talla da shi. Saboda haka duk mai niyyar irin wannan tafiya ya karanta dokar jirgin tun kafin ya biya kuɗi, gama ba ɗaya suke ba.

Ranar tashi muka ga jirgin tun daga nesa, ya tsere wa dukan gine-ginen bakin ruwa. A Faransa aka ƙera shi, ya fara aiki a Janairu 2004, Sarauniya Elizabeth ce ta raɗa masa suna. Tsawonsa mita 345, watau ya fi filin ƙwallo uku a jere. Yana ɗaukar fasinja fiye da 2,600, da ma'aikata fiye da 1,200. Akwai ɗakin karatu, da asibiti, da kantuna, har da ɗakunan karnuka da kyanwoyi na fasinja. Wannan na ƙarshe na bar wa mai karatu ya yi tunaninsa.

Ɗakin da mutum ya kama shi yake nuna inda zai ci. Masu manyan ɗakuna suna da nasu ƙananan wuraren cin abinci a sama. Mu da yawancin jama'a a Britannia muke ci, wani makeken zaure mai hawa biyu, mai ɗaukar fiye da mutum 1,000 a zama ɗaya. Amma dokar tufafi ɗaya ce ga kowa, da mai babban ɗaki da mai ƙarami.

Daren fari ba a yin biki. Wannan ma tsohuwar al'ada ce, daga zamanin da masu kuɗi ke tafiya da manyan akwatuna, ba a gama kwance su a rana ɗaya. Na sa kaftani da wando na farin yadi, da takalmi sau-ciki, mai ɗakina ta sa atamfa. Ba wanda ya ce mana kome sai maraba. Aka kai mu tebur na mutum shida. Akwai wani tsoho Bature da matarsa, waɗanda suka ce wannan ne ƙetarewarsu ta huɗu. Da wata malamar makaranta Ba'amurkiya mai komawa gida. Da wani dattijo mutumin Sikotlan wanda matarsa ta rasu bara waccan. Gaban kowa ga cokula da wuƙaƙe a jere kamar kayan wanzami. Dabarar ba wuya: a fara da na waje, kowane kashi na abinci a matso ciki. Wanda ya rikice ya ɗan jinkirta ya dubi maƙwabcinsa.

A daren nan na ga an tare mutum na fari. Wani ƙato ne da gajeren wando da silifa. Babban sabis ya matso kusa da shi, ya yi masa magana ƙasa ƙasa yana murmushi, ya nuna masa hanyar hawa na bakwai. Mutumin ya juya ya tafi ba gardama. Gabana ya faɗi. Na ce a raina, jibi ni ne.

Washegari da hantsi na kasa haƙuri, na je na sami babban sabis ɗin shi kaɗai, na kwatanta masa rigar. Ya tambaye ni, "A ƙasarku, ita za ka sa in shugaban ƙasa ya gayyace ka cin abinci?" Na ce ita ce kuwa. Na ƙara masa da cewa da irinta Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok a Oktoba 1960, da irinta kuma ya ziyarci Shugaba Kennedy a 1961. Ya yi dariya ya ce ba sai na kawo shaidu ba, tufafin biki na ƙasar mutum abin karɓa ne, zan ma ga waɗansu da nasu. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Na kuma ji 'yar kunya, gama na shirya dogon jawabi tun da asuba, ba a bar ni na yi rabinsa ba.

Saura guga. Rigar nan shuɗiyar shadda ce, aikin hannu na cikin birnin Zariya, aska takwas, mai ɗinkin ya yi wata uku a kanta. Na yi ta ne domin bikin auren wannan 'yar tamu. Kowa ya sani shadda bugu take so, ba dutsen guga ba, amma ina za a sami masu bugu a tsakiyar teku? Ba a kuma yarda a kunna dutsen guga a ɗakin kwana ba, saboda gobara ita ce babbar abin tsoro a jirgin ruwa. Akwai dai ƙananan ɗakunan wanki inda fasinja ke yi da kansu kyauta. Ranar biki da azahar na tarar da layi, kowa da farar taguwa a hannu. Da layi ya zo kaina na warware rigar, sai ta rufe teburin guga ta zuba ƙasa ta kowane gefe. Waɗansu mata biyu da ke jira suka kama mini gefe gefe kada ta sha ƙasa, suna tambaya ko labule ne ko abin rufe gado. Na ce riga ce, ta mutum ɗaya. Ɗayar ta juya aikin zaren ta dubi bayansa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ita ma mai ɗinki ce, ta san wannan ba aikin keke ba ne.

Da la'asar teku ta ɗan motsa. Mai ɗakina ta tsaya gaban madubi tana ɗaurin gwaggwaro, jirgi ya karkata ta nan, ɗauri ya karkata ta can. Sau uku tana kwancewa. Ta ce, "Maigida, riƙe mini nan, kada ka saki." Shekara 40 ban taɓa sa hannu a ɗaurin kanta ba sai ran nan.

Muka fito. Ya mai karatu, da ma kana nan ka gani. Jirgin da ya wuni cike da mutane masu rigunan sanyi da takalman gudu, duk ya sake kama. Maza baƙi da fari kamar garken hankaki, kowa da ɗan naktaye mai siffar malam-buɗe-littafi a maƙogwaro. Mata kuwa da dogayen riguna masu walƙiya. Daren nan na baƙi da fari ne, gama kowane daren biki da launin da ake roƙon jama'a su bi in sun ga dama. Mai ɗakina ta dace, farin leshi ta sa. Ni ne dai shuɗi. A cikin taron na hangi mace da sari na Indiya, da tsofaffin soja da lambobinsu a ƙirji.

A bakin ƙofa wata sabuwar damuwa ta taso mini, watau hula. A wurin Turawa namiji yakan tuɓe hula in ya shiga ɗaki, balle a tebur. A wurinmu kuwa babbar riga ba hula, ai kamar an fito ba a gama shiri ba ne. Na tuna da karin maganar nan, in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Har na kai hannu. Sai na ga ai jelar da suka roƙa ita ce mutum ya zo da cikakkiyar shigarsa, cikar tawa kuwa da hula ne. Na gyara mata zama na shiga. Babban sabis ya ɗan rusuna, ya ce ashe gaskiya na faɗa masa.

Da muka isa tebur sai ga dattijon Sikotlan ya miƙe tsaye, da buje mai ratsi ratsi iya gwiwa, da doguwar safa, da 'yar wuƙa soke a bakin safar, da jakar fata a gaba. Na dube shi, ya dube ni, muka fashe da dariya. Ya ce ratsin nan na zuriyarsu ne, wanda ya sani yana gani zai faɗi daga wane gida ya fito. Ni kuma na nuna masa asake takwas ɗin, na ƙirga masa su ɗaya ɗaya, na juya ya ga tambarin da ke baya. Ya ce tun rasuwar matarsa bai sa wannan kaya ba, gama ita ce takan gyara masa naɗin baya. Yau ya yi minti 20 yana fama shi kaɗai. Mai ɗakina ta ce ya juya ta gani, ta ja masa wani gefe da ya tattare. Ya yi godiya, ya zauna, ya ɗan jima bai yi magana ba.

Ga masu niyyar bin sawuna, babbar riga da miya ba sa ga maciji. Kafin ka ɗauki cokali, naɗe hannuwan biyu bisa kafaɗa sosai, ka zauna a kan bayan rigar kada ta ja ƙasa sabis ya taka. In za ka miƙa hannu ɗaukar gishiri, dafe da ɗayan. Na tuna da kawu da kwat ɗinsa, na ci miyar nan a hankali kamar mai shan magani. Kada kuma ka fita da ita bisa bene shan iska bayan abinci. Na gwada. Iskar Atlantika ta shiga ta hannu ɗaya ta cika ta tim, da ba na riƙe ƙarfe ba da sai dai a ba da labari.

Sabis ɗin teburinmu saurayi ne daga ƙasar Filifin. Kullum tsaf yake, ko ɗigo babu a rigarsa, da la'asar kuma akan gan su da farar safar hannu suna zuba shayi a zauren rawa da ƙarfe 3 da rabi. Da yake kwashe faranti ya ce mini su ma suna da rigar biki, sunanta barong, ta ainihin da zaren ganyen abarba ake saƙa ta, ba a kuma cusa ta cikin wando. Da ita ya yi aure. Na tambaye shi yaushe rabonsa da gida. Ya ce wata shida, 'yarsa ta fara tafiya yana kan ruwa, a waya ya gani. Mu ado na sa'a uku muka yi muna ta nishi. Shi kowace rana ta Allah yake yi, a tsaye.

A nan zan faɗi laifina. Bayan daren nan kaina ya ɗan kumbura. Mutane suna tsayar da mu a hanya suna roƙon ɗaukar hoto. Na fara duban waɗanda ba su yi ado ba da wutsiyar ido, ina cewa a raina, mutum ya iya biyan kuɗin jirgi amma ya kasa sa riga ta kirki? Ran daren biki na biyu mai ɗakina ta tashi da jiri, ta ce ba za ta iya ɗauri ba. Ban so in tafi in bar ta ba, sai muka hau Kings Court a hawa na bakwai, inda mutum ke ɗaukar faranti ya zaɓi abin da yake so, ba ruwan kowa da naktaye.

Na zaci zan tarar da 'yan taurin kai. Akwai su kam, ba a rasa ba. Amma kusa da mu wata mace ce da jariri a kafaɗa, tana ci da hannu ɗaya, mijin yana bin na biyun da ke rarrafe ƙarƙashin tebur. Can kuma wani tsoho ne hannuwansa suna rawa, matarsa tana yanka masa nama. Ita ce ta fara yi mana magana, ta ce ta gan mu shekaranjiya. Ta ce mijinta ya yi shekara da shekaru yana sa baƙar kwat a jirage, yana kuwa son abin ƙwarai, amma yanzu yatsunsa ba sa iya maɓalli, ba ya kuma so a gan shi yana zubar da abinci a farar taguwa. Kwat ɗin tana nan rataye a ɗaki, ya ce lalle a zo da ita. Har mutumin nan mai gajeren wando na gani, ashe direban babbar mota ne da ya yi ritaya, tsoron jirgin sama ne ya sa shi biyo ruwa zuwa wurin ɗansa, ba ado ya kawo shi ba. Muka ci shinkafa tare, ya yi ta tambayata hanyoyin Nijeriya.

Har yanzu ina ganin dokar tana da kyau a inda take. Wanda ya zaɓi jirgin nan ya san abin da ya zaɓa, bai kuwa kamata ya ɓata wa waɗanda suka yi tanadi shekara da shekaru domin daren nan ba. Mu ma ba ma zuwa ɗaurin aure da kayan gona. Abin da ya sa dokar ba ta zama zalunci ba shi ne hawa na bakwai ɗin nan, da kuma yadda ake faɗa wa mutum a kunne ba a bainar jama'a ba. Amma na daina ƙirga mutane da wuyan rigarsu tun daga daren nan, ko da yake mai ɗakina ta ce za ta zuba ido ta ga kwana nawa abin zai yi.

Da yake yamma muka nufa, dare biyar ana mai da agogo baya da sa'a ɗaya, har mu daidaita da lokacin Niyok. Saboda haka kwanakin suka yi tsawo, barci ya ishe mu. Daren ƙarshe ba biki, gama kowa ya ɗaure kaya ya ajiye akwati a bakin ƙofa, ma'aikata su kwashe kafin gari ya waye. Sai a kula a ware abin da za a sa da safe. Na naɗe babbar riga na sa a ciki, na bar kaftani ɗaya a waje. Kwat ɗin surukina ta hana akwatin rufuwa, sai na cire ta na yar bisa kujera, da nufin in riƙe ta a hannu.

Wajen ƙarfe 4 da rabi na asuba muka ji ana ta tafiya a waje. Muka hau can sama tare da jama'a domin ganin shiga gari. Jirgin zai bi ƙarƙashin gadar Verrazzano, wadda aka buɗe a 1964, an kuwa rage tsawon bututun hayaƙinsa tun wajen ƙira domin ya iya wucewa, da 'yan mitoci kaɗan tsakani. Sanyi kuwa ba a magana, ga iska. Rigar sanyina tana cikin akwati, akwati yana can ƙasa. Na koma ɗaki da sauri na ɗauko kwat ɗin aro na ɗora bisa kaftani, dogayen hannuwan nan suka rufe mini yatsu daidai yadda nake bukata. Gadar ta taso mana kamar za ta fille bututun, kowa ya yi tsit, sai muka wuce, jama'a suka yi tafi. Can gaba ta hagu ga Mutum-mutumin 'Yanci da fitilarsa. Dattijon Sikotlan ya zo ya tsaya kusa da mu da tsohuwar hular ulu har kunne. Ya dubi kwat, ya dubi kaftanin da ya leƙo ta ƙasa, ya tambayi mai ɗakina ko wannan ma shigar ƙasarmu ce.

Ta ce, "A'a, wannan tasa ce shi kaɗai."

Da ƙarfe 9 muka sauka a Buruklin. Ɗanmu yana tsaye bayan shinge, da jaririn a ƙirjinsa.